A Bar Hausa Ta Shigo Ajin Turanci, Ko Na Minti Goma Ne



Mun san wani zai fara da tambaya: yaya 'yan kulob ɗin jarida za su yi magana a kan Turanci, amma su rubuta da Hausa? Da gangan muka yi. Ra'ayinmu shi ne, Hausar da ake tsayarwa a bakin ƙofar aji ita ce za ta fi taimaka mana mu gane yadda Turanci yake jera kalmominsa. Roƙonmu a bar ta ta shigo darasin Turanci, ko na minti goma ne, ta yi aikinta ta fita. Kafin a ce yaran yanzu sun fara koya wa manya aiki, a yi haƙuri a karanta dalilanmu tukuna.

Mu fara da sunan garin nan. Birnin Kudu kalma biyu ce, birni da kudu. Amma ba mai cewa "Birni Kudu" sai baƙo. Akwai wani ɗan harafi, "n", da ya maƙale a wutsiyar birni, shi ne ya ɗaure kalmomin biyu suka zama abu ɗaya, wato birnin da yake kudu. A darasin Hausa ana kiransa mahaɗi. In kalmar farko tamace ce, sai ya koma "r": kasuwar Sara, hanyar Gwaram, gonar Musa. Wanda ya matsa ɓangaren Bauchi zai iya jin "motan Musa", amma wannan zancen karin harshe ne, ba shi ya kawo mu ba. Abin lura shi ne, ƙanenmu da bai shiga firamare ba ma ya iya sa wannan harafi a inda ya dace, kuma ba wanda ya taɓa rubuta masa shi a allo.

To, Turanci ba shi da wannan harafi. Aikin da "n" yake yi shi kaɗai a wurinmu, Turanci ya raba shi gida uku, kuma rikicin ɗalibi yana farawa ne daga rashin sanin cewa ukun nan duk aiki ɗaya suke yi.

Wani lokaci Turanci yakan sa 'yar waƙafi a sama da harafin "s". Gonar Musa ta zama "Musa's farm". Ku lura, mai gona ya dawo gaba, gona ta koma baya. In abin ya yi tsawo, juyin ya fi fitowa fili: gonar baban Musa ita ce "Musa's father's farm". Kamar ka ɗauki jimlarmu ka karanto ta daga dama zuwa hagu, irin karatun allo. Wani lokaci kuma yakan sa "of", kuma wannan ita ce 'yar uwarmu, don ba ta juya komai. Sarkin Dutse, "the Emir of Dutse". Ma'aikatar Ilimi, "the Ministry of Education". Duk inda ka ga "of" a tsakanin suna biyu, ka cire ta ka sa "n" ko "r", sau da yawa za ka ga Hausa ta zauna daidai.

Hanya ta uku ce mai haɗari. A nan Turanci ba ya sa komai a tsakani, sai ya jera suna biyu kawai, amma a juye. Man gyaɗa "groundnut oil". Ranar kasuwa "market day". Haɗarin shi ne, in ɗalibi ya jera su irin na Hausa, ba lalle ya samu shirme ba, wani lokaci wata ma'ana dabam zai samu. "School day" ranar makaranta ce, amma "day school" makarantar jeka-ka-dawo ce. "Palm oil" manja ne da ake miya da shi, "oil palm" kuwa bishiyar ce da kanta. Kalmomi iri ɗaya, wurin zama kawai aka musanya, ga shi an tashi daga tukunya an koma gona.

Daga nan muka fitar da wata 'yar ƙa'ida da muke ganin ya kamata a rubuta ta a bangon kowane aji: Hausa tana sa maigida a gaba, masu rakiya a baya, Turanci yana sa masu rakiya a gaba, maigida a baya, sai fa in "of" ta shigo. Duk mai shakka ya gwada ta da allunan da ke bakin titi. Babban asibitin garin nan an rubuta masa "Federal Medical Centre". Maigidan shi ne na ƙarshe, "Centre", wato cibiya. Karanto daga baya: Cibiyar Lafiya ta Tarayya, daidai yadda ake faɗa a labaran rediyo. Ga wanda ya fi tsawo, "Birnin Kudu Local Government Education Authority", kalma shida a jere ba ko waƙafi. Ɗan aji ɗaya in ya gani gabansa faɗuwa yake. Amma in ya san sirrin, sai ya zarce wutsiya ya fara daga can: Hukumar Ilimi ta Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu. Shi ke nan, dodo ya zama kyanwa. Hatta zane-zanen nan na mutanen dā da ke Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda suka sa sunan garinmu a littattafan tarihi, ana iya rubuta su ta hanya biyu: "the rock paintings of Birnin Kudu", ko "the Birnin Kudu rock paintings". Na farko ya kama hanyarmu, na biyu ya juya ta, kuma duk daidai ne.

Wannan ba wasan kalmomi ba ne kawai. A jarrabawa, labarin da ake bayarwa a karanta a amsa tambayoyi cike yake da irin waɗannan dogayen jerin sunaye. Wanda bai san inda maigida yake zaune ba, zai san ma'anar kowace kalma ɗaya bayan ɗaya, amma ya kasa faɗin abin da ake magana a kai.

Sai sifa. A nan 'yan uwanmu na Gwaram sun ba mu misali biyu kyauta, duk a cikin ƙaramar hukumarsu: Farin Dutse da Gwaram Tsohuwa. A na farko sifa ta zo gaba da ɗan "n" ɗinta. A na biyu ta zo baya, ba "n". Hausa tana da ƙofa biyu ke nan, farin doki ko doki fari, duk wanda ka ga dama. Turanci ƙofa ɗaya gare shi: "a white horse". Kuma a nan sai mu ce Bature ya yi mana sauƙi, don mu muna da fari da fara da farare, shi kuwa "white" ɗin nan ita ce ta rago, ita ce ta tunkiya, ita ce ta garke gaba ɗaya. Yaron da ya rubuta "talls boys" ba wauta ya yi ba. Kunnensa ne ya saba da "dogayen yara", inda sifa ma take zama jam'i. In aka gaya masa haka sau ɗaya, da wuya ya sake.

Akwai wata tambaya da masu jarrabawa suke matuƙar so, ta jera sifa biyu ko uku a gaban suna ɗaya. Ana ba mu dogon jeri mu haddace, wai girma kafin shekaru, shekaru kafin launi, da sauransu. Ana haddacewa ranar Litinin, a manta ranar Laraba. Amma ku gwada wannan a bakinku: babban farin rago, ko farin babban rago? Kowa ya san na farko ne yake zama a kunne. To Turanci ma haka yake, "a big white ram". Ƙaramar jar mota, "a small red car". Sabuwar farar riga, "a new white gown". Ashe rabin jerin da ake wahalar haddacewa mun zo da shi daga gida. Ba mu ce ya rufe komai ba. In aka zo kan abin da aka yi kaya da shi, kamar rigar auduga, sai a koma waccan ƙa'ida ta juyi a ce "a cotton shirt". Amma wanda aka ba shi rabin hanya kyauta ai ba ya ƙin karɓa.

Yawancin sifofinmu ma da "mai" suke tafiya, kuma kullum a baya suke: ruwa mai sanyi, littafi mai tsada. Turanci yana yar da "mai", ya tsallako da sifar gaba, "cold water", "an expensive book". Lamba ma haka take tsallakowa, awaki uku su zama "three goats". Kuma tun da a Hausa ba laifi ba ne a ce mota uku ko shekara goma sha uku, ba tare da an mai da sunan jam'i ba, shi ya sa "three car" take yawan fitowa a littattafan 'yan aji ɗaya.

Wani abin dariya, shi kansa Turancin ba kullum yake bin dokarsa ba. Muna jin "Attorney General" da "Secretary General" a labarai. A nan "General" sifa ce, kuma ga ta a baya, kamar Gwaram Tsohuwa. Irin wannan jeri daga Faransanci ya shigo, bayan mutanen Nomandi na ƙasar Faransa sun ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, harshensu ya daɗe yana mulki a fada da kotu. Faransanci kuwa yawanci baya yake sa sifa. Don haka 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da suke karatu da Faransanci, su "doki fari" ne ya zo musu daidai, "cheval blanc". Kowa da irin tasa jarrabawar.

Yanzu mun zo inda jan biro ya fi zuba, wato ƙananan kalmomin nan da malaman Turanci suke kira "preposition". Kusan dukanmu mun san 'yan uwansu tun kafin mu ji wannan dogon suna, don a Islamiyya an koya mana haruffan jarri. Kuma ku tuna yadda aka koya mana. Malam ya ce "min", daga. "Ila", zuwa. "Fi", a cikin. "Ala", a kan. Da Hausa ya faɗa, muka maimaita, ya zauna. Haka ake karantar da nahawun Larabci a zaure tun kaka da kakanni, malam yana karantawa yana fassarawa, kuma daga zaurukan nan aka samu malaman da suka rubuta littattafai da Larabci. Ba mu taɓa jin wanda ya ce Hausar malam ce ta ɓata wa almajiri Larabcinsa ba. To me ya sa abin da yake magani da yamma zai zama cuta da safe?

Matsalar haruffan jarrin Turanci ita ce, muna da kalma ɗaya tak, "a", wadda take ɗaukar kayan mutum uku. A gida, "at home". A Gwaram, "in Gwaram". A hanya, "on the road". A bango, "on the wall". A jarida, "in the newspaper", amma a rediyo, "on the radio". Mu duk "a" ce. Ɗalibi in ya zo zaɓa tsakanin "in" da "on" da "at", kamar an ce ya raba ruwan randa gida uku da wuƙa ne. Abin da yake bukata shi ne a ce masa: "a" ɗinka ta rabu uku, in abu yana ciki ko a babban wuri kamar gari ka ɗauki "in", in yana bisa ko a manne ka ɗauki "on", in wuri ne da za a nuna da yatsa ka ɗauki "at". Sauran da ba su bi doka ba, kamar rediyo, a haddace su. Su ba su da yawa.

Lokaci ma haka. An ƙirƙiro Jihar Jigawa a shekarar 1991, "in 1991". A watan Agusta, "in August". Amma da zarar ka ambaci ranar, 27 ga Agusta, sai ta koma "on 27th August". In ƙarfe nawa ne kuma, "at eight o'clock". Wato shekara da wata manyan ɗakuna ne da ake shiga cikinsu, rana tabarma ce da ake zama a kanta, ƙarfe kuwa ɗigo ne. Sai dai kada wani ya tambaye mu dalilin da ya sa da safe take "in the morning" amma da dare take "at night". Wannan sai Bature.

"Da" ta fi "a" yawan aiki ma. Musa da Sani, "and". Ya yanka da wuƙa, "with a knife". Ya zo da ƙafa, "on foot". Ya rubuta da Hausa, "in Hausa". Kusa da kasuwa, "near the market", ba komai a tsakani. Cike da ruwa, "full of water". Dabam da nawa, "different from mine". Ɗalibin da aka gaya masa sau ɗaya cewa "da" tana nufin "with" zai riƙa zuba "with" a duk waɗannan wurare, kuma a ganinsa biyayya yake yi.

Akwai inda Hausa ba ta sa komai amma Turanci ya nace sai an sa. Jira ni, "wait for me". Saurari malam, "listen to the teacher". Dubi allo, "look at the board". Daga nan "wait me" ta fito, wadda ake ji kullum a hanyar tashi daga makaranta. Akwai kuma akasin haka. Muna cewa mu tattauna a kan jarrabawa, sai ɗalibi ya rubuta "discuss about", alhali "discuss" ba ta son rakiya. Wani lokaci kuma harsunan biyu sukan yi musabaha: fushi da shi, "angry with him", yarda da ke, "agree with you", daga Kano zuwa Dutse, "from Kano to Dutse". Waɗannan ma ya kamata a nuna mana su, don mu san inda za mu saki jiki.

Wanda ya fi burge mu shi ne wannan. Kalmominmu na nuna wuri, da yawansu sassan jiki ne aka sa musu "n": kai ya zama kan tebur, ciki ya zama cikin aji, baya ya zama bayan gida, gaba ya zama gaban malam, gindi ya zama gindin bishiya. Yanzu ku dubi Turanci: "in front of the class", "on top of the table", "at the back of the house". Ga "of" nan ta zauna daidai wurin da "n" ɗinmu yake zama. Wanda ya gane haka ba zai rubuta "in front the class" ba, don zai ji kamar ya ce "gaba aji".

Amma a kula, ba muna cewa a riƙa fassara kalma da kalma ba ne. Kwatantawa dabam, fassara dabam. Bakin kogi ba "mouth of the river" ba ne. Wannan a Turanci wurin da kogi yake zubawa a teku ko tafki ne, bakin kogi kuwa "river bank" ne. Sai an ajiye harsunan biyu gefe da gefe ake ganin irin wannan rami. Wanda aka hana shi kwatantawa a fili ba daina fassara yake yi ba, a ɓoye yake yi cikin kansa, inda malam ba zai gani ya gyara ba.

Sunayen mutane da na wurare su ma da nasu hali. Babban baƙi a farko, wannan ko a Hausa haka ne. Ba a fassara su: Farin Dutse ba ya zama "White Rock" a wasiƙa. Ba a cewa "the Gwaram" ko "the Nigeria", amma ana cewa "the Sahara" da "the River Niger". Ana cewa "Governor Umar Namadi" ba "the", amma in aka cire sunan sai ta dawo, "the Governor of Jigawa State". Mu gaba muke liƙa wa suna abu don nuna asali, Bakano, Bakatsine, Bahaushe, su kuwa baya suke liƙawa, "Nigerian". Kuma harafi ɗaya ya raba mu da maƙwabta: "Nigerian" ɗan Najeriya ne, "Nigerien" ɗan Nijar ne.

Inda jerin suna yake iya jawo kuka na gaske shi ne wajen cike fom. Sunanmu na gida yana tafiya ne haka: naka, sannan na mahaifi, wani lokaci da na gari, kamar Aminu Kano ko Shehu Shagari. Fom kuwa sai ya ce "Surname first". Wannan ya sa sunan mahaifi, wancan ya sa na kaka, wani ya sa na gari, kuma mutum ɗaya yana iya sa wannan bana ya sa wancan baɗi. Tun shekarar 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar katin ɗan ƙasa. In jerin sunan da ke katin ya saɓa da na takardar sakamako, sai an yi ta zirga-zirgar gyara da kashe kuɗin mota. Darasi ɗaya a aji uku, a bayyana da Hausa mene ne "surname" da "first name" da "middle name", kowa ya zaɓi jeri ɗaya ya rubuta a bangon littafinsa, zai hutar da iyaye da yawa.

Mun san abin da malamanmu za su ce, kuma ba mu raina shi ba. Za su ce a gida Hausa, a kasuwa Hausa, a filin ƙwallo Hausa, fim ma na Hausa. Makaranta ce kaɗai inda kunnenmu yake jin Turanci, in aka buɗe wa Hausa ƙofa a nan ma, to shi ke nan ta cinye. Za su ce jarrabawar kammala aji uku da ta shiga makarantun kimiyya da WAEC da NECO duk da Turanci ake yi, kuma ba kiredit a Turanci ba jami'a, ko da mutum ya cinye sauran darussa. Duk gaskiya ne. Harshe sai da yi, wanda ba ya buɗe baki ba zai iya ba. Shi ya sa ba mu ce a daina yi mana Turanci ba, ba mu kuma ce a koyar da lissafi da kimiyya da Hausa ba. Waccan muhawara ta manya ce. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince a riƙa koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar an janye. Mu namu ƙarami ne: minti goma a cikin darasin nahawu.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ce dokar hana "banakula" ita kaɗai ta isa. A makarantu da yawa monita yana rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa, a ci shi tara ko a ba shi shara. Abin da wannan yake haifarwa ba Turanci ba ne, shiru ne. Yara sukan kulle baki har a tashi, wanda bai gane ba ya ƙi tambaya, don ba shi da Turancin da zai yi tambayar da shi. Malam kuma ga aji cike maƙil, ga littattafai tuli a gabansa, iyakar abin da zai iya shi ne ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin "wait me" ya wuce. Layin ya ce ba daidai ba ne, amma bai faɗi dalili ba. Gobe yaron zai sake, don a cikin kansa "jira ni" tana nan daram.

Masu tsoron Hausa za ta ɓata Turanci, su tuna da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan Bauchi maƙwabciyarmu. Shi ya yi jawabi da Turanci ranar 1 ga Oktoba 1960, kuma har yau ana ba da misali da daɗin Turancinsa. Shi ɗin dai ne ya rubuta littafin Shaihu Umar da Hausa, aka buga a 1934. Ɗaya bai ci ɗaya ba.

Akwai wata hujja kuma: ba kowane malamin Turanci ne yake jin Hausa ba, musamman masu bautar ƙasa da ake turo mana daga Kudu, kuma a ajinmu akwai waɗanda Fulatanci ne harshen gidansu. Wannan a ganinmu ba cikas ba ne. Malama ta rubuta "my father's white cow" a allo, ta ce wa zai faɗa da Hausa, wa zai faɗa da Fulatanci, sannan ta tambaya ina saniya ta zauna a kowace jimla, ina uba ya zauna. Ba sai ta iya harshen ba, mu za mu kawo, ita ta nuna bambancin. In ta ga dama ta ƙara da na garinsu, Yarbanci ko Ibo, mu ma mu ƙaru. Mafi kyau ma, ko sau ɗaya a zango, malamin Hausa da malamin Turanci su shigo aji tare. Yanzu wannan yana koyar da suna da sifa a darasi na biyu, wancan yana koyar da "noun" da "adjective" a darasi na huɗu, kuma akwai ɗalibai da suke gama aji ɗaya ba su san abu ɗaya ake nufi ba.

Mu dai a namu ɓangaren ba za mu jira ba. Daga mako mai zuwa, kusurwar ƙasa ta hagu ta wannan allo za ta zama ta jimla uku. Za mu rubuta su da Hausa ranar Litinin, duk mai so ya mai da su Turanci a 'yar takarda, ya sa suna da aji, ya jefa a kwalin kulob kafin ranar Alhamis. Mun roƙi malamar Turanci ta duba mana, ranar Juma'a mu liƙa amsa tare da bayanin inda kowace kalma ta koma. Masu zuwa daga ƙauyuka kuma, in kun ga allon shago ko na ofis mai dogon suna a hanya, ku kwafo mana shi yadda yake.

Ga ta farko tun yanzu, don masu zumuɗi: "Sabuwar farar motar baban A'isha tana gaban asibiti tun ƙarfe takwas na safe." Akwai mahaɗi har guda biyar a cikinta kafin a kai ga "tun", kuma ba duka ne za su zama "of" ba.